Matar da Ta Hana Aladu Shigowa

Bepi na durƙushe a gonar dankali tana tono da tsinin icce, sai ta ga inuwar mutum ta faɗo kan kunyar da take aiki. Kerenga ne, yayan marigayi mijinta, sanye da rigar nan ruwan ɗorawa da aka ba shi ranar Asabar.

Duk ƙauyen sun ga yadda aka ba shi rigar. Mutanen wata ƙungiya ne suka zo daga garin Kundiawa a farar mota, suka yi kwana uku a filin coci suna wa maza da mata bayani kan illar aurar da yarinya ba ta kai sha takwas ba. Ranar rufewa Kerenga ya miƙe ya yi jawabi har wasu mata suka share hawaye. Nan take aka naɗa shi shugaban kwamitin maza masu kare 'ya'ya mata.

"Sannu da aiki, Maman Imelda."

"Yawwa, Yaya. Sannu da zuwa."

Ya tofar da jan yawun buai, goron ƙasarsu, a gefen kunya, ya tsuguna. "Alheri na kawo miki. Kiage mai kanti ya aiko. Kin san tun da matarsa ta gudu birnin Lae gidansa ba hayaƙi. Ya ga Imelda, ya yaba da hankalinta. Aladu ashirin ya ambata na sadaki, ban da abin da zai biyo baya. In aka ba su hutun tsakiyar shekara sai a yi abin da za a yi."

Bepi ta ajiye iccen. "Shekararta goma sha huɗu, Yaya. Ajinta takwas."

"Ke nawa kike da aka kawo ki gidan nan?"

"Ai shi ya sa."

"Shi ya sa me? Ga ki nan garau, kina tonon dankali."

"Ba kai ba ne ranar Asabar ka ce duk wanda ya karɓi alade a kan yarinya ƙarama ya sayar da jininsa?"

Kerenga ya yi dariya har jajayen haƙoransa suka fito. "Ranar Asabar maganar fili na yi. Yau maganar gida nake. Baƙin nan sun ci kazarmu sun hau motarsu, su ne za su auro wa Umba mata? Ɗana ya shekara ashirin da shida, gemu ya cika masa fuska, yara na masa waƙar gwauro a hanya. Iyayen wadda yake nema sun ce ba alade ba magana. Da me zan je musu, da riga? Tun kaka da kakanni aladun 'yar'uwa ke auro wa ɗan'uwa mata. Ƙanena bai bar ɗa namiji ba. Abin da ya bar wa zuriyar nan ke nan, Imelda."

Shekara goma sha shida Bepi ta yi a gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi yayan mijinta ba. Ko yanzu ƙasa take kallo. Amma ta ce, "Ban yarda ba."

"Ban ji ba."

"Na ce ban yarda ba, Yaya."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa. "To, madalla. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka."

Ranar Laraba Bepi ta sauko da ƙafa daga dutsen da ƙauyensu ke kai, ta hau motar haya zuwa makarantar kwanan da 'yan mishan ke riƙe da ita. Ta keɓe da Sista mai kula da ɗakin 'yan mata ta gaya mata komai. Sista ta ce za ta riƙe yarinyar wannan hutun, ta riƙa taya ta aikin lambu. Da aka kira Imelda ta zo da gudu, ƙafafunta sun yi tsawo, siket ɗin makaranta ya ɗage mata.

"Mama, don me ba zan zo gida ba? Ni fa na yi wa Sabina alkawarin zan koya mata sabuwar saƙar jaka."

Sabina 'yar Kerenga ce, Imelda ta girme ta da shekara guda, tabarma ɗaya suka tashi a kai.

"Hanya ce ta zabtare," in ji Bepi. "Ki zauna ki yi karatunki."

"To ke ta ina kika bi?"

"Ke, ban son surutu. Ungo gyaɗa."

Labari ya riga ta isa gida. Wani kwandastan motar Kiage ya gan ta a ƙofar makaranta.

Kofi suka fara taɓawa. Bishiyoyin da ita da mijinta suka dasa a gangaren bayan ɗakinta sun yi 'ya'ya sun yi jawur a wannan shekarar, kuma da su take biya wa Imelda makaranta. Wata safiya ta fito da buhu sai ta tarar da Umba da ƙannensa biyu sun riga ta, suna ta tsinka suna fito.

"Umba, me kuke yi haka?"

"Baba ya ce mu taya ki, Gwaggo. Aikin ya yi miki yawa."

Suka cika buhu huɗu, suka ɗauka suka nufi injin ɓarewa na gidan ubansu. Ta bi su. Kerenga na zaune a kan kututture yana gyara gatari.

"Yaya, kofina ne."

"Kofinki? A bayanki kika goyo ƙasar daga garinku? Ƙasar maza ce, bishiyar da ke kanta ta maza ce. Da can mun bar miki don muna ganin ke tamu ce. Wadda ta ce ba ruwanta da buƙatar gida, gida ma ba ruwansa da tata. Ni ban kore ki ba. Ga gonar dankali nan, ki ci ki ƙoshi."

Ta juya wurin surukarta, tsohuwa Ambane, wadda ke shan hantsi a bakin ɗaki tana murza zaren jaka a cinya. Bepi ce ke kai mata itace da dafaffen dankali tun da ƙafafunta suka ƙi.

"Inna, ki sa baki. Jikarki ce."

"Don jikata ce nake so in ga ɗakinta kafin in mutu," in ji tsohuwar. "Ni ko ƙirgen dangi ban fara ba aka kawo ni. Na haifi tara, na binne biyar, na mutu? Kiage na da rufin kwano, yana da motoci biyu. Yarinyar ba za ta taɓa ɗaukar itace a ka ba. Ke kin fi so ta gama karatu ta je Mosbi, babban birni, ta auri wanda ba mu san uwarsa ba, ko ƙafar alade kada mu gani? Aladun da aka biya a kanki sai da na shekara shida ina kiwonsu. Ina suka tafi? Gidanku suka ci. Yanzu lokacin namu ya zo kin tare ƙofa."

Bayan mako biyu aka yi rasuwa a dangin da ke ƙetaren rafi, kowane gida sai ya kai gudummawa. Bepi na dawowa daga gona ta tarar da turken uwar aladenta ba kowa. Tun tana 'yar jaririya ta raine ta, a jakar saƙa ta riƙa goya ta zuwa gona, ga shi yanzu aladen tana da ciki. Ta tsaya riƙe da guntun igiyar, ta kasa ko kuka. Da ta tambaya, Kerenga ya ce ai sunan ƙanensa aka fitar kunya, ko so take a ce gidan marigayi bai kawo komai ba?

Ta kai ƙara kotun ƙauye. Ana zaman ne ranar Talata a gindin bishiya kusa da kasuwa, alƙalin kuwa ɗan kwamitin Kerenga ne, har da irin rigar a jikinsa. Ya saurare ta da kyau, yana gyaɗa kai.

"An ɗaura auren?" ya tambaye ta.

"Ba a ɗaura ba."

"An kawo aladun?"

"Ba a kawo ba."

"To, baiwar Allah, a kan me zan yi hukunci? Doka ta hana aurar da yarinya, kuma ba a aurar ba. Batun kofi da alade kuwa maganar cikin gida ce. Ku je ku sasanta. Kuma ki rage ɗaga murya a gaban maza, shi ke ɓata muku magana ku mata."

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Ita ce fa sabuwar shugabar kwamiti!" Aka ƙara shewa.

Daga ranar aka sa mata suna Madam. In ta wuce samari na caca a bakin kanti sai su ce, "A ba Madam hanya, za ta ofis." Matan da suke tafiya rafi tare suka fara yin sammako ko su makara. A coci bencin da take zama ya yi faɗi. Dorka kaɗai, matar Kerenga ta biyu, uwar Sabina, ta kan faki ido ta ajiye mata ɗan gishiri ko sabulu a ƙarƙashin ganyen ayaba. Shekara ɗaya aka kawo su gidan, tare suka koyi kuka ba sauti.

"Ki ba su, Bepi," Dorka ta ce mata wata rana suna wanke dankali. "Wallahi ba za ki iya da su ba. Ni na san mutumin da nake kwana da shi."

"In Sabina ce za ki bayar?"

Dorka ta ci gaba da cuɗa dankalin da ya riga ya fita.

Bepi ta ƙetare kogi ta je wurin yayanta Gigmai. Ya karɓe ta da fara'a, matarsa ta dafa mata ganye da ayaba. Sai da ta ci ta ƙoshi ta ce tana so ta dawo gida ita da 'yarta.

Gigmai ya sosa ƙeya. "Ƙanwata, gida naki ne. Amma kin san ranar da kika kwana uku a nan za su zo su ce a mayar musu da aladunsu. Waɗanda suka ci naman rabinsu suna kabari. Kina so a yi yaƙi a kanki? Bara ma da ƙyar aka kashe wutar rikicin gona."

"To in zauna su cinye ni?"

"Ba wanda zai cinye ki. Ke ce kika ɗauki abin da zafi." Ya rage murya. "Kuma ki duba, ni kawun yarinyar ne. In aka yi abin nan akwai kason kawu. Ba don shi nake faɗa ba, Allah ya sani. Amma rufin ɗakin nan kina ganinsa."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin. Gaskiya ne, yana yoyo. Ta ɗauki jakarta ta rataya igiyar a goshi yadda matan ƙasar ke yi, ta kama hanya.

A watan Agusta farar motar ta dawo duba yadda aiki ke tafiya. An share filin coci, 'yan makaranta suka yi waƙa, aka rataya wa baƙi furanni. Jami'ar da ta jagoranci tafiyar, wata matashiya 'yar bakin teku mai tabarau, ba ta jin yaren dutse, don haka Kerenga ne tafinta. Ta ce tana so ta ji daga bakin mata. Ba wadda ta motsa. Sai Bepi ta miƙe, ta faɗi komai da yarensu: Kiage, kofi, alade, kotu. 

Kerenga ya saurara har ta gama, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Sannan ya juya wurin baƙuwar ya yi magana da Turanci, yana nuna Bepi da hannu biyu. Fuskar jami'ar ta washe. Ta tafa, abokan tafiyarta suka tafa, mai ɗaukar hoto ya matso ya ce Bepi ta tsaya kusa da shugaba. Daga baya wani malamin firamare ya gaya mata abin da aka fassara: wai gwauruwa ce matar ƙanensa, an nemi 'yarta da aure, shi da kwamiti suka tsaya tsayin daka yarinyar ta ci gaba da karatu, ta tashi ne ta yi godiya.

Da baƙin za su shiga mota ta kutsa ta kama hannun jami'ar, ta haɗa ɗan abin da take ji na Pisin, Turancin kasuwa. "Ba haka na ce ba. Suna so su ba da ita. Sun ƙwace mini kofi."

Matar ta dube ta da tausayi na gaske, ta duba agogo, ta dubi hadarin da ke haɗuwa a kan dutse. "Ayya, Mama. Kin gaya wa shugaban kwamitinku? Don irin wannan muka kafa shi. Mu ba ma shiga tsakanin dangi, daga cikinku gyaran zai fito." Ta yagi takarda ta rubuta lambar waya ta danƙa mata. Bepi ba ta da waya, ba ta kuma iya karatu ba. Ta tsaya da takardar a hannu har motar ta sha kwana.

Da yamma Umba ya zo ya cire ƙyauren ɗakinta. Ya ce ubansa ne ya saya wa marigayi, yanzu ana buƙatarsa a ɗakin ajiyar kofi. Ta rataya tsohon bargo a ƙofar. Sanyin dutse ya riƙa shiga yana kwana da ita, tari ya kama ta. Gonar dankalin ma aka bar aladun gidan suka shiga suka tumɓuke rabi, aka ce shinge ne ya tsufa, kuma gyaran shinge aikin namiji ne, ita kuwa ta nuna ba ta buƙatar maza.

Duk da haka kowace safiya sai ta kai wa tsohuwa Ambane itace. Tsohuwar ta kan karɓa ta ce, "Taurin kai dai ba ya kai mace ko'ina."

A watan Satumba autan Dorka, ɗan shekara biyu, ya kamu da gudawa. Kwana uku yana zubarwa, idanunsa suka faɗa. Asibiti na da nisa, kuma kogi ya cika. Ran na huɗu Bepi ta dafa ruwa da ɗan gishiri da sukari yadda aka taɓa koya musu a awo, ta kai. Tana isa bakin ƙofa Kerenga ya tare ta.

"Me ke cikin kwanon?"

"Ruwan gishiri ne, Yaya, don yaron."

Ya karɓa ya watsar a ƙasa. Ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Tun yaushe yaron nan ya fara ciwo? Ba tun ranar da ya wuce ta ƙofar ɗakinki kika ba shi ayaba ba? Ƙanena ma lafiyarsa lau ya kwanta. Mun yi shiru ne kawai."

Ba wanda ya furta kalmar a ranar, amma kafin rana ta faɗi ta zaga ƙauyen. Mayya. Uwaye suka riƙa janye 'ya'yansu in ta doso. Kowa ya san abin da aka yi wa wata gwauruwa a ƙauyen gaba shekara biyu da suka wuce, da ƙarfen da aka sa a wuta, da yadda mutum ɗari suka tsaya kallo, daga baya aka rasa mai shaida ko ɗaya.

Washegari da hantsi Kerenga ya zo da kansa, ya ɗaga bargon ƙofa ya shigo ba sallama. Muryarsa a sanyaye, kamar mai ba da shawara.

"Samari sun fusata, Maman Imelda. Ni nake danne su. Ban san iya kwanakin da zan iya ba. Amma mutane ba sa taɓa surukar Kiage, kin sani. Ki je ki ɗauko yarinyar da hannunki, a yi biki, a ci nama, kowa ya manta. Kofinki ya dawo, in sa a mayar miki da ƙyaure. Ni ba mugu ba ne. Gida nake so ya tsaya."

"In yaron ya warke fa?"

"Sai mu ce kin sake shi."

"In bai warke ba?"

Ya dube ta kawai, ya fita.

Ta zauna a bakin murhu har wutar ta mutu. Ta yi tunanin Imelda a ɗakin Kiage, ta yi tunanin ƙarfe a wuta, ta rasa wanda za ta iya kallo ido buɗe. Da azahar ta ɗauki tulu ta tafi rafi, don ƙafafunta sun ƙi zama. Can Dorka ta same ta, idanunta sun kumbura don rashin barci.

"Na san ba ke ba ce," in ji Dorka. "Ruwan rijiyar nan ne, na sani. Amma numfashinsa ya canja, Bepi. Umba ya tara abokansa a bayan kanti. Kada ki koma ɗaki. Bi ta cikin kofi ki sauka."

"Bargona, da tukunyata..."

"Ke, tafi!"

Ta ajiye tulun a kan dutse ta tafi, da zanen jikinta da jakar da ke goshinta. Ba ta kai titi ba sai da duhu ya fara. Yaron ya rasu kwana biyu bayan haka. Da aka rasa ta, aka cinna wa ɗakinta wuta, aka ce gudun da ta yi shi ne shaida.

A Kundiawa wata 'yar garinsu mai sayar da dafaffiyar gyaɗa ta ba ta wurin shimfiɗa a ɗakin girki, ta kuma riƙa ba ta tire ta zauna da shi a bakin kasuwa. Bepi ta koyi kasa gyaɗa tsibi-tsibi, ta koyi kwashewa da gudu in ma'aikatan hukuma sun taso. Ta kan ja zane ta rufe rabin fuskarta in ta hango motar ƙauyensu. Sau ɗaya ta je makaranta. Sista ta ce yarinyar na ƙoƙari, ita ce ta uku a aji, amma a Kirsimeti ana rufe ɗakin kwana gaba ɗaya, kuma baffanta ya zo sau biyu yana tambaya, da rigarsa ta kwamiti da takardar shaida. Ba ta ba shi ba. Ba ta san ko wadda za ta canje ta baɗi za ta hana ba.

A farkon Disamba, ranar wata Juma'a, Bepi na kasa gyaɗa sai ta ga ƙafafun da ta sani sun tsaya a gaban tirenta. Dorka ce. Ta rame, ta shafa tokar makoki a goshi, a hammatarta akwai ƙunshin sabon yadi mai furanni.

"Dorka! Ashe rai kan ga rai. Ya haƙuri? Na ji labarin yaron, na rasa ta inda zan..."

"Riƙe gaisuwarki."

Bepi ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Kin ga wannan?" Dorka ta buɗe yadin. "Rigar amarya za a ɗinka. Kiage ya gaji da jira, iyayen budurwar Umba sun ba da wa'adi. Sai mijina ya ce ai ba Imelda kaɗai ce mace a gidan ba."

"Sabina?" in ji Bepi. "Sha uku fa take."

"Ni za ki gaya wa? Ni na haife ta. An rage alade huɗu, wai ba ta kai Imelda karatu ba. Asabar mai zuwa za a kai ta. Jiya ta tambaye ni ko za a bar ta ta tafi da 'yar tsanarta." Dorka ta matso, tana magana ƙasa-ƙasa, haƙoranta a cije. "Kin tambaye ni a rafi in Sabina ce zan bayar? To ga amsarki. Ba a tambaye ni ba. Ke kin tsare taki, kin biya da tawa. Ni na fitar da ke daga wuta, Bepi. Da na sani da na bar ki."

"Dorka, mu je wurin 'yan sanda. Mu je ofishin mutanen nan, yana garin nan, in muka tambaya..."

"Mu je mu ce me? Shugaban kwamiti zai aurar da 'yarsa? Hotonsa ne manne a bangonsu. In na buɗe baki, wa zai gaya mini in bi ta cikin kofi?"

Ta naɗe yadin ta mayar hammata. Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sannan ta juya ta shige cikin mutane.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma Bepi ba ta ga laifin Dorka ba. Da wa za ta yi fushin? Kerenga bai taɓa ɗaga hannu ya doki kowa ba. Tsohuwa Ambane abin da aka yi mata take so a yi wa jikarta, tana kiransa gata. Alƙali bai karya doka ba, Gigmai rufinsa na yoyo da gaske, jami'ar nan kuwa hadari ne ya taso mata. Kowa da hujjarsa a hannu, mai kyau, wadda za a iya faɗa a coci. A ƙarshen shekarar aka rubuta sunan ƙauyen cikin waɗanda suka daina aurar da yara, domin ba a kawo rahoton ko ɗaya ba, kuma mai kawo rahoton shi ne uban amarya.

Ranar Asabar ɗin Bepi ta fito kasuwa kamar kullum, don in ba ta fito ba ba za ta ci ba. Wajen ƙarfe goma motocin Kiage biyu suka ratsa gari, an yi musu ado da ganye da balan-balan, samari sun leƙo ta taga suna kiɗa jikin mota. A bayansu wata babbar mota ce cike da aladu, an ɗaure su ƙafa huɗu, suna ta kururuwa, an nufi dutse da su. 'Yan kasuwa suka miƙe suna guɗa, suna tambayar 'yar wane gida ce ta yi wannan goshi.

Wata mata ta tsaya a gaban tiren ta miƙo kuɗi. "Mama, ba ni tsibi biyu. Mama? Ke nake wa magana."

Bepi ta ɗebo gyaɗar, rabi ya zube a ƙasa. Saura kwana tara a rufe makarantar su Imelda.